Yadda Ake Shirya Doguwar Tafiya da Kare a Motar Tafi-da-gidanka

Masu kiwon kare da ke son yin makonni ko watanni a kan hanya cikin mota mai ɗakin kwana da wurin girki suna yawan maimaita tambaya ɗaya: daga ina ake farawa? Yawancinsu da sayayya suke farawa, keji da kwanuka da shimfiɗa, alhali kaya su ne mafi sauƙin al'amarin, domin ana iya haɗa su a yini guda. Abubuwa biyu ne ke cin lokaci, kuma kuɗi ba ya gajarta su: takardun lafiyar karen, da sabonsa da motar. Shi ya sa aka jera matakan nan daga wanda ya fi buƙatar lokaci zuwa wanda ake yi a kan hanya.

1. Likitan dabbobi da takardu

Idan tafiyar za ta tsallaka iyakar ƙasa, je wurin likitan dabbobi aƙalla wata huɗu kafin ranar tashi. Idan ba za ta tsallaka ba, wata ɗaya ya isa. Ka tafi da jerin ƙasashen da za ka ratsa, har da waɗanda wucewa kawai za ka yi, domin kowace da tata ƙa'ida.

Abu na farko shi ne ƙwayar shaida ta lantarki, wadda ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba, ana sa ta a ƙarƙashin fata, tana ɗauke da lamba 15 da na'ura ke karantawa. Bayan ita sai allurar riga-kafin haukan kare. A ƙa'idar Tarayyar Turai, dole ne karen ya kai mako 12 kafin a yi masa allurar, sannan a jira kwana 21 bayan allurar farko kafin ya yi tafiya. Karen da ya fito daga ƙasar da Tarayyar ba ta sa cikin jerin ƙasashen da ta amince da su ba, sai an ɗebi jininsa aƙalla kwana 30 bayan allurar an gwada ƙarfin riga-kafin, sannan a ƙara jiran wata uku daga ranar ɗibar jinin. Wannan lissafin ne ya kai mu wata huɗu.

Gargaɗi: a sa ƙwayar shaida kafin allura, ko kuma a rana ɗaya amma ita ce a gaba. Allurar da aka yi kafin a sa ƙwayar ba ta shiga lissafi, sai an sake ta, kuma ƙirgen kwana 21 ya koma farko. Kuskuren nan yana daga cikin waɗanda suka fi mayar da matafiya baya daga kan iyaka.

Akwai ƙasashen da ke da ƙarin sharaɗi. Birtaniya da Ayalan da Finlan da Malta da Norwe suna neman likita ya ba karen maganin tsila tsakanin awa 24 da awa 120 kafin shiga, kuma ya rubuta rana da lokaci a takarda. Amurka kuwa, tun daga 1 ga Agusta 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba, kuma tana neman ƙwayar shaida da fom ɗin shigo da kare wanda ake cikewa ta intanet. Irin waɗannan ƙa'idoji ana sabunta su, saboda haka ka sake karanta su a shafin hukumar kowace ƙasa mako biyu kafin tashi.

A zaman nan da likita, ka nemi maganin kaska da ƙuma da tsutsar ciki wanda zai ishe ka har ƙarshen tafiya, ka kuma gaya masa yankunan da za ka je. Tsutsar zuciya sauro ne ke yaɗa ta, cutar lishmaniya kuma wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da dare ne ke kawo ta a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kuma kariya daga kowace sai an fara ta kafin a isa wurin. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ainihin takardun kuma ka sa su a leda mai zif kusa da kujerar direba.

2. Nauyin mota da mazaunin kare

Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata. A Turai, lasisin ƙaramar mota yana tsayawa ne a kilo 3,500, kuma motocin tafi-da-gidanka da yawa an ƙera su dab da wannan iyaka, ta yadda abin da ya rage na kaya bai taka kara ya karya ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tanki mai lita 100 ya riga ya cinye kilo 100 kafin a sa komai. Ƙara mutane da tukwanen gas da karen da kejinsa da buhun abincinsa, sannan ka kai motar ma'aunin manyan motoci a cike yadda za ta yi tafiya. Motar da ta wuce nauyi tana jan tara, birkinta yana jinkiri, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biya idan an yi haɗari.

Mazaunin kare lokacin tuƙi hanya biyu ce kawai. Ko dai keji mai ƙarfi da aka ɗaure da jikin motar a wuraren ɗauri na ƙarfe, ko kuma ɗamarar ƙirji da aka gwada ta a gwajin haɗari, wadda ake maƙala wa bel ɗin kujera. Kejin ya zama wanda karen zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta a ciki, amma kada ya yi faɗin da zai riƙa gangarawa daga kusurwa zuwa kusurwa a kowace kwana. A ra'ayina keji ya fi, saboda da dare ma ya zama ɗakinsa, amma a motar da ba ta da fili ɗamara ta wadatar.

Gargaɗi: kada a ɗaure kare da bel ta abin wuyansa, domin birki ɗaya mai ƙarfi yana iya karya masa wuya. Kada kuma a zaunar da shi a kujerar gaba alhali jakar iska ta kujerar tana kunne. Barinsa sake a kan gado ko a tsakar mota ana tafiya shi ne mafi muni, yana iya shiga ƙarƙashin ƙafar direba, idan kuma aka yi karo zai tashi sama da dukkan nauyinsa ya faɗa kan na gaba.

Kafin karen ya shiga, ka durƙusa ka dubi motar daga tsayinsa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, daidai inda karen ke kwana, don haka na'urar gano gas a ƙasa-ƙasa ake kafa ta. Ka sa kuma na'urar gano iskar kabon monoksaid, iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ruwan lagireto mai sinadarin hana daskarewa yana da zaƙi a bakin kare, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda. Shi da sinadarin tankin ban-ɗaki da magungunan mutane duk a kulle su a durowa mai makulli, ba mai buɗewa da turin hanci ba.

3. Sabar da shi da motar

Wannan matakin yana ɗaukar mako biyu zuwa shida, gwargwadon halin karen, kuma gaggawa a nan ita ke ɓata sauran tafiyar. Fara da motar a tsaye, inji a kashe, ƙofa a buɗe. Bar shi ya shiga ya shinshina ya fita yadda yake so. Kwanaki kaɗan bayan haka ka riƙa ba shi abincinsa a ciki, cikin kejin ko a kan shimfiɗar da zai yi tafiya a kanta, wadda ya kamata ta zama tsohuwar shimfiɗarsa mai warin gida, ba sabuwa ba. Daga nan sai ka tayar da inji ba tare da an motsa ba, ka kunna famfon ruwa da fanka da injin ɗumama ɗaki, domin ƙararsu ce ke firgita karnuka da dare a zango. Sai zagaye na minti biyar, sai na minti ashirin, sai na awa ɗaya wanda zai ƙare a wurin da karen ke jin daɗi. Daga ƙarshe ku kwana ɗaya a cikin motar kusa da gida.

Alamomin jirin mota su ne yawan lasar leɓe, hamma a kai a kai, dalalar miyau, sannan amai. 'Yan kwikwiyo sun fi fama da shi kuma sukan daina idan sun girma. Idan alamun sun bayyana, koma matakin da ya gabata. Idan sun ƙi tafiya, akwai maganin hana amai na karnuka mai suna maropitant wanda likita ke rubutawa.

Gargaɗi: kada ka ba kare maganin ciwon kai ko na ciwon jiki na mutane. Ibuprofen yana yi masa gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda, farasitamol yana lalata hanta idan ba likita ne ya auna ba.

A cikin makonnin nan ne kuma za ka koya masa ɗabi'a guda da ta fi kowace amfani: ba ya fita daga motar sai an ba shi izini. Buɗe ƙofa, idan ya yunƙura ka rufe, idan ya zauna ka sa masa igiya sannan ka kira shi. Ƙofar irin wannan mota tana buɗewa sau da yawa a yini, wani lokaci a gefen babban titi.

4. Kaya

Kwano biyu, ɗaya na ruwa mai murfin da ke hana fantsama. Gajeriyar igiya ta tafiya da doguwa ta zango. Takunkumi, domin jiragen ruwa da motocin haya da yawa suna neman sa, kuma a sabar da karen da shi tun a gida. Tsofaffin tawul guda biyu ko uku, ledojin kwashe kashi, buroshi, da ƙaramar fitila da ake maƙala wa abin wuya. A abin wuyan a sa ɗan ƙarfe mai lambar wayar da kake tafe da ita, haɗe da lambar ƙasa a gabanta. Akwatin taimakon gaggawa ya ƙunshi bandeji, auduga, ruwan gishiri na wanke rauni, almakashi, ƙugiyar cire kaska da ma'aunin zafin jiki.

Abinci kuwa, ka ɗauki irin wanda ya saba da shi, cikin roba mai murfi don gudun tururuwa da ɓeraye. Kare mai kilo 20 yana cin kusan giram 300 na busasshen abinci a rana, wato kusan kilo 9 a wata. Idan dole sai an canza iri a hanya, a fara gauraya sabon da tsohon tun saura na mako guda, ana ƙara sabon kaɗan-kaɗan. Canji farat ɗaya gudawa yake kawowa, kuma gudawar kare a ɗaki mai faɗin taku biyu da tsakar dare ba abin da mutum zai so ya gani ba ne.

5. Hanya da zango

Ka tsara hanya bisa yanayi, ba bisa kyawun wurare kaɗai ba: wurare masu zafi a lokacin sanyi, tsaunuka da wurare masu sanyi a lokacin zafi. Kafin ka kama wuri a kowane filin zango, tambayi ko suna karɓar kare, nawa suke karɓa, ko akwai jinsin da suka hana, da ko an yarda a bar shi shi kaɗai a mota. Wuraren yawon buɗe ido ma haka. A yawancin gandun dajin ƙasa na Amurka, alal misali, ba a barin kare ya bi hanyoyin ƙafa na cikin daji, inda aka yarda kuma igiyarsa ba za ta wuce ƙafa shida ba. Idan akwai tsallaka teku, ka bincika ko jirgin yana da ɗakin dabbobi ko kuwa karen zai zauna ne a mota a ƙasan jirgin, inda galibi ba a barin fasinja ya sauka ana tafiya. A kowane zango ka rubuta lambar asibitin dabbobi mafi kusa da ke aiki da dare, tun kafin buƙata ta taso.

6. Ranar tuƙi

Fitar da shi ya yi tafiya mai kyau ya yi bayan gida kafin a tashi. Ba shi abinci awa uku ko fiye kafin tuƙi, ko a bari sai an isa. Rufe gas daga kan tukunya, kulle durowoyi, ɗaure karen, sannan a tayar. A tsaya duk bayan awa biyu ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. Awa huɗu zuwa biyar na tuƙi a yini sun isa, kuma bayan kwana biyu ko uku ana tafiya a ba shi yini guda ba motsi. A tuna cewa sanyin na'urar gaba sau da yawa ba ya kai wa bayan motar, don haka ka sa ma'aunin zafi kusa da kejin, ba kusa da sitiyari ba.

7. Zafi

Nan ne ake rasa karnuka, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya fi daɗewa. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya kansa, kuma haki ba ya aiki idan iskar da yake shaƙa ita ma zafi gare ta. Zafin jikinsa na ƙa'ida yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 gaɓoɓin ciki sun fara lalacewa. Motar da aka ajiye a rana zafin cikinta yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 a cikin minti 10, kuma sassauta gilashi kaɗan ba ya canza wani abin kirki. Motar tafi-da-gidanka tana da rufin da ke rage zafi, saboda haka ta fi ƙaramar mota jinkirin ɗaukarsa, amma wannan jinkirin ne ke yaudarar mutane, domin faffaɗan gilashin gabanta yana zuba rana ciki, kuma idan ta ɗauki zafi ba ta saurin sakinsa.

Tsarin shi ne: ajiye motar a inuwa, kana lissafin inda rana za ta koma bayan awa biyu, ba inda take yanzu ba. Rufe gilashin gaba da mayafi mai ƙyalli, na waje ya fi na ciki aiki. Kunna fankar rufi tana fitar da iska, ka buɗe taga ɗaya ta ɓangaren inuwa domin iska ta ratsa. Bar ruwa a kwano biyu ko da ɗaya zai kife. Kare yana shan kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na jikinsa a rana, wato mai kilo 20 yana shan lita ɗaya da ɗoriya, a zafi kuma fiye da haka.

Gargaɗi: kada ka dogara da na'urar sanyaya ɗaki ka tafi yawon yini. Tana aiki ne da wutar filin zango ko janareta, wutar tana iya yankewa, makunnin tsaro yana iya faɗuwa saboda wani maƙwabci ya kunna abu mai jan wuta, kuma ba wanda zai sani. Akwai na'urar auna zafi mai aika saƙo zuwa waya, tana da amfani, amma sai inda akwai sabis, kuma sai idan kana kusa da za ka iya dawowa cikin 'yan mintuna. A ranar da ta yi zafi sosai, ko a tafi da karen, ko mutum ɗaya ya zauna da shi, ko a fasa fitar.

Karnuka masu gajeren hanci irin su buldog da pug, da tsofaffi, da masu ƙiba, da masu kaurin gashi, su ne suka fi saurin faɗuwa. Alamomin su ne haki mai tsanani da ba ya lafawa, miyau mai kauri, dasashi ya yi ja wur, tangaɗi, amai, sannan sumewa. Idan ka ga haka, sanyaya shi tukuna sannan ka kama hanyar asibiti: kai shi inuwa, kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, sa fanka ta buge shi, ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana iya sha. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin tawul ɗin riƙe zafin yake yi. Ko da ya farfaɗo a kai shi wurin likita, saboda illar ƙoda da ta jini takan bayyana ne daga baya.

Kwalta ma tana ƙona tafin ƙafa. Ɗora bayan hannunka a kai, idan ba za ka iya jurewa daƙiƙa biyar ba, shi ma ba zai iya ba. A mayar da yawo sassafe da bayan faɗuwar rana.

8. Zama a zango

Da isowa, sa masa igiya ka zagaya da shi wurin kafin ka fara haɗa wuta da ruwa. Ka duba ƙasan da za ka ɗaure shi ko akwai fasasshiyar kwalba, ragowar ƙashi, tokar wuta ko maganin ɓera. Doguwar igiya a ɗamarar ƙirji ake sa ta, kuma tsawonta kada ya kai shi hanyar motoci ko wurin maƙwabci. Ka kwashe kashinsa nan take, ka kuma hana haushi tun da wuri ta hanyar sauke labule a ɓangaren da mutane ke wucewa, domin haushi da kashi su ne ke sa filayen zango su daina karɓar karnuka.

Ka riƙe lokutan abinci da na yawo yadda suke a gida, ko da wurin kwana yana canzawa kullum. Kada ka bar shi ya sha ruwan kududdufi ko tafkin da ya yi kore a sama, saboda wasu nau'o'in gansakuka masu launin kore da shuɗi suna kashe kare cikin awoyi, ruwan da ya kwanta kuma yana ɗauke da cutar leptospirosis daga fitsarin ɓeraye. A irin wannan mota teburi da wurin girki duk bakin kare yana kai wa, don haka cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, albasa, tafarnuwa da cingam mai sinadarin zilitol kada su kwana a fili. Kowace yamma ka shafa jikinsa ka duba kunnuwa da hammata da tsakanin yatsu. Idan ka sami kaska, kama ta da ƙugiyar dab da fata ka cire ta gaba ɗaya, ba tare da matse cikinta ko shafa mata mai ko ƙona ta ba.

9. Lissafin kuɗi

Man mota shi ne babban kaso. Matsakaiciyar mota mai shan dizal tana cin kusan lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, wato tafiyar kilomita 3,000 za ta ci lita 300 zuwa 360, sai ka ninka da farashin inda za ka bi. Na biye shi ne kuɗin zango, kuma filaye da yawa suna ƙara wani abu a kan kowane kare kowane dare, abin da ba a ganin girmansa sai an tara na wata guda. Sai kuɗin likita na kafin tashi, da na takardar da ake sabuntawa a wasu iyakoki, da tikitin kare a jirgin ruwa. Idan hayar motar za ka yi, ka tabbata an rubuta izinin kare a yarjejeniya, ka kuma tambayi kuɗin shara da za su caje ka, domin gashin kare a kujera yakan cinye kuɗin ajiya. Idan karen yana da inshora, duba ko tana aiki a wajen ƙasarka da kuma iyakar kwanakin da ta yarda. Ka ware kuɗin gaggawa na asibitin dabbobi daban da na gyaran mota, domin asibitoci da yawa a nan take suke karɓar kuɗinsu.

10. Dawowa

Komowa gida ma tana da sharuɗɗanta, kuma su ne aka fi mantawa. Ka duba cewa allurar haukan kare ba za ta ƙare kana hanya ba, domin idan wa'adinta ya wuce ko da kwana ɗaya ne ana ɗaukar ta biye a matsayin allurar farko, sai an sake jiran kwana 21. Idan ƙasar da za ka koma tana neman maganin tsila, ka kama lokaci da likita tun mako guda kafin ranar tsallakawa, ka lissafa awa 24 zuwa 120 daga lokacin isa, ba daga lokacin shiga jirgi ba, ka kuma karanta abin da likitan ya rubuta kafin ka bar ofishinsa. Bayan an dawo, ka ci gaba da maganin tsutsar zuciya har zuwa lokacin da likita ya ƙayyade, kuma idan karen ya yi zazzaɓi ko rama ko kasala ko da bayan watanni ne, ka gaya wa likitan sunayen ƙasashen da kuka ratsa.